Marigayiya Donyale Luna, Baƙar Mace Ta Farko A Bangon Mujallar Vogue

Daga cikin sana'o'in da zamani ya haifar a ƙasashen Turai da Amurka akwai wadda ake kira tallar tufafi. Wannan talla ta sha bamban da wadda aka sani ta ɗora kaya a faifai a bi gida-gida, domin mai wannan sana'a jikinta ne rumfarta. Babban maɗinki zai ƙirƙiro sabon ɗinki, ita kuwa ta sanya, ta yi tafiya bisa wani dogon dandamali a gaban attajirai da 'yan jarida, ko kuwa ta tsaya gaban mai ɗaukar hoto a buga a mujalla, domin mata su gani, su yi sha'awa, su saya. Wani maɗinki ɗan Ingila mai suna Charles Frederick Worth, wanda ya buɗe shagonsa a birnin Paris a 1858, shi ake danganta wa asalin al'adar, matarsa Marie Vernet kuwa ita ake ɗauka mace ta farko da ta riƙe ta sana'a. Amma sai da aka haura shekara 100 bayan wannan kafin a ga baƙar mace a bangon babbar mujallar ado da ake kira Vogue. Sunan wannan mace Donyale Luna. Tana da shekara 20 sa'ad da abin ya auku, ta rasu tana da 33, kuma tsakanin barinta gidan iyayenta da hawanta wannan matsayi wata 17 ne kacal.

An haife ta ran 31 ga watan Agusta, 1945, a birnin Detroit cikin Jihar Michigan ta ƙasar Amurka, aka raɗa mata suna Peggy Ann Freeman. Iyayenta 'yan asalin Jihar Georgia ne da ke kudancin ƙasar, suna cikin miliyoyin baƙar fatar da suka yi ƙaura zuwa biranen arewa don gudun wulaƙancin wariyar launin fata da kuma neman aiki a masana'antu. Detroit a lokacin ita ce cibiyar ƙera motoci ta duniya. Uban ma'aikaci ne a kamfanin motoci na Ford, uwar kuwa sakatariya ce a ƙungiyar 'yan mata Kirista ta YWCA. Watau dai gidan yana da rufin asiri daidai gwargwado. Abin da ya rasa shi ne zaman lafiya. Maigidan yana da shaye-shaye da saurin hannu, ma'auratan kuma sun rabu sun koma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, duk a kan idon 'ya'yansu mata.

Peggy ta tashi doguwa siririya fiye da sa'o'inta, abin da ya jawo mata tsokana a unguwa da makaranta. Daga baya jaridu sun riƙa ba da tsawonta ƙafa shida da inci biyu. Ta yi karatu a makarantar sakandare ta Cass Technical, wadda ta yi suna wajen yaye masu fasaha, har mawaƙiya Diana Ross ma can ta gama a 1962. Peggy ta karanci aikin jarida da harsuna da wasan kwaikwayo, tana kuma fitowa a wasannin da ake shiryawa a ƙananan dandali na cikin gari. Burinta a lokacin ta zama 'yar wasan kwaikwayo. Tallar tufafi ba ta cikin lissafinta ko kaɗan. Tun tana budurwa ta yar da sunanta na yanka, ta laƙaba wa kanta Donyale Luna. Kalmar luna a Latin da Italiyanci da Sifaniyanci tana nufin wata, watau farin watan da ke sama. Ba ta tsaya ga suna kaɗai ba. Ta ƙirƙiro wa kanta wani lafazin magana da ba a san shi a Detroit ba, tana yawo ba takalmi, tana gaya wa waɗanda ba su san gidansu ba cewa asalinta daga tsibiran tekun Fasifik yake. Danginta suka ɗauki abin a kan wasan ƙuruciya wanda zai wuce. Ashe rigar da za ta zauna a ciki har mutuwa take ɗinkawa.

Domin mai karatu ya gane girman abin da ya biyo baya, ya kamata ya san yadda ake shiga wannan sana'a a wancan zamani. Hanyar da aka saba ita ce yarinya ta tara 'yan kuɗinta ta ɗauki hotuna, ta jera su a kundi, ta kai ofishin dillalai. Waɗannan dillalai, irin su kamfanin John Robert Powers da aka kafa a New York a 1923, ko na Eileen Ford da mijinta wanda suka buɗe a 1946, su ke auna tsawon yarinya da ƙugunta, su ke tura ta wajen masu ɗaukar hoto da editoci, sa'an nan su cire la'adarsu daga abin da aka biya ta. Yarinya tana iya yin shekara guda tana zarya daga wannan ofis zuwa wancan, kundinta a hammata, ba ta sami aikin kirki ba. Wannan fa ga farar fata ke nan. Baƙar yarinya tata kasuwar daban take. Akwai mujallar Ebony da John H. Johnson ya kafa a Chicago a 1945 domin baƙar fata, akwai kuma kamfanin dillanci na Grace del Marco da Ophelia DeVore ta kafa a 1946 saboda su, amma kuɗin da ke yawo a wannan ɓangare kaɗan ne in an gwada da na Turawa. Wadda ba ta yarda da wannan iyaka ba sai ta haye teku, kamar yadda Dorothea Towles ta yi a 1949, ta tafi Paris ta yi wa Christian Dior aiki, da kuma Helen Williams da ta bi sawunta a 1960.

Luna ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. A 1963 wani saurayi mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, David McCabe, wanda aiki ya kai shi Detroit, ya hange ta tana tafiya a titi. Ya tsai da ita, ya bayyana mata sana'arsa, ya ba ta lambar wayarsa, ya ce duk ran da ta zo New York ta neme shi. Mahaifiyarta ba ta yi na'am da zancen ba, ta fi son 'yarta ta koyi aikin jinya, aikin da ke da albashi da fansho. Ba za a ga laifin uwar ba, domin ba kowace uwa ce za ta saki budurwa ta tafi wani babban birni bisa maganar baƙon da aka gamu da shi a kan hanya ba, kuma 'yan mata da yawa sun amsa irin wannan kira sun ƙare a hannun mazambata. Sai da aka yi kimanin shekara ana ja-in-ja. A watan Oktoba na 1964, tana da shekara 19, Luna ta isa New York, ta buga wa McCabe waya. Sa'ar da ta taka ita ce mutumin ya kasance mai cika alkawari. Ya ɗauke ta hotuna, ya zaga da ita ofisoshin mujallu da kansa, watau ya tsallakar da ita matakin dillalai ɗungum.

Inda aka fi karɓarta shi ne mujallar Harper's Bazaar, wadda aka kafa tun 1867, mallakar kamfanin Hearst, wadda kuma ita kaɗai ke gogayya da Vogue a fagen ado. Editar mujallar a lokacin, Nancy White, da ganin yarinyar ta sa aka kira mai zane. A fitowar watan Janairu na 1965, wata uku kacal bayan saukarta birnin, sai ga siffar Luna a bangon mujallar, daga alƙalamin wata mai zane Katharina Denzinger. A cikin shekara 98 da mujallar ta yi tana fitowa, wannan ne karo na farko da baƙar fata ya hau bangonta. Sai dai akwai abin lura a nan. Zane aka buga maimakon hoto, kuma an dusashe launin fatar har ya zama mai saye da ya ɗauki mujallar a kanti ba zai iya rantsuwa cewa baƙar mace yake kallo ba. An kafa tarihi, amma an kafa shi a sace, yadda in an tashi tuhuma za a sami mafita.

Har wa yau mujallar ta ba ta kwangilar shekara guda ta yin aiki da babban mai ɗaukar hotonta, Richard Avedon, wanda a wancan lokaci babu kamarsa a Amurka. Avedon ba baƙo ba ne ga irin wannan rigima. A 1959 sai da ya yi barazanar barin aiki kafin kamfanin ya yarda a buga hotunan China Machado, wata mai tallar tufafi haifaffiyar birnin Shanghai, don kawai ita ba farar fata ba ce. A watan Afrilu na 1965 aka damƙa masa shirya fitowar mujallar baki ɗaya, albarkacin cikarsa shekara 20 yana yi mata aiki. Ya cika ta da fuskokin matasan da ke tashe, irin su Paul McCartney da Ringo Starr na ƙungiyar mawaƙan Beatles, da Jean Shrimpton wadda ita ce a bango. A cikinsu ya sanya Luna, wannan karon da hoto na sosai, ba ɓoye-ɓoye. Rubutun da aka yi tare da hotunan ya kamanta tsawonta da takunta da na jarumin ƙabilar Masai, makiyayan nan na Kenya da Tanzaniya. Yarinyar kuwa a Detroit aka haife ta, a can aka rene ta, ubanta yana ƙera motoci. Ga alama masu mujallar sun ga ya fi sauƙi su sayar wa masu karatunsu baƙuwa daga wata nahiya mai nisa, da su nuna musu 'yar maƙwabcin da ba sa yarda ya zauna unguwa ɗaya da su.

Ko wannan dabara ba ta yi magani ba. Abin da ke riƙe da mujalla irin wannan ba kuɗin da mai karatu ke biya ba ne, domin wannan ko takarda da tawada ba zai saya ba. Jarinta na ainihi shi ne shafukan da kamfanonin turare da kayan shafa da manyan kantuna ke saye don tallar hajarsu, su kuwa kamfanonin suna da ciniki mai yawa a jihohin kudu. A watan Yuli na 1964 ne Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a, kuma a watan Maris na 1965, 'yan makonni kafin fitowar hotunan, 'yan sanda suka far wa masu zanga-zangar neman 'yancin jefa ƙuri'a a garin Selma na Jihar Alabama. A cikin wannan zafi masu talla daga kudu suka fara janye tallace-tallacensu, waɗansu masu karatu suka soke rajistarsu, waɗansu manyan maɗinka kuma suka ƙi yarda Luna ta sanya tufafinsu. Masu kamfanin Hearst suka duba littafin kuɗi, suka ja wa Avedon kunne, kwangilar kuwa da ta ƙare ba a sabunta ba. Shi kansa Avedon ya bayyana daga baya cewa ƙiyayyar launin fata da lissafin riba ne suka hana shi ci gaba da aiki da ita. Ashe mai ɗaukar hoto yana iya gano yarinya, edita ya buga ta, amma mai biyan kuɗin talla ne ke yanke hukuncin ƙarshe, shi da ba a ganinsa a ko wane hoto.

Ana cikin haka masifa ta auka wa gidansu. A farkon 1965, daidai lokacin da sunanta ke fara tashi, mahaifinta ya zo gida a buge yana barazana, mahaifiyarta ta harbe shi da bindiga ya mutu. Shari'a ta karɓi hujjar kare kai, aka sallami uwar. Luna ta ci gaba da zama a New York, kuma waɗanda suka san ta sun ce tun daga nan ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta yi wani gajeren aure da wani Bajamushe ɗan wasan kwaikwayo, auren bai kai shekara ba ya mutu, ita kuma rikicewar tunani ta kwantar da ita asibiti. A wannan shekarar ce kuma ta faɗa cikin jama'ar mai zane Andy Warhol, wanda ya sa ta a gajerun finafinansa. Wurin Warhol matattarar masu fasaha ce, amma kuma matattarar masu shan ƙwaya ce. A watan Disamba na 1965 ta tattara kayanta ta tafi Landan.

Ta sauka a kan gaɓa. Landan ta wancan lokaci ta zama uwar yayi ga matasan duniya: Mary Quant tana sayar da gajerun siket a titin King's Road, ƙungiyoyin Beatles da Rolling Stones sun cika rediyo, masu ɗaukar hoton da ake ji da su kuwa, David Bailey da Terence Donovan da Brian Duffy, 'ya'yan talakawa ne da suka ture tsofaffin masu ji da asali. Kasuwa ce mai neman baƙon abu, kuma ba ta da masu tallar Alabama a wuyanta. Editar Vogue ta Ingila, Beatrix Miller, ta zaɓi Luna don bangon fitowar watan Maris na 1966, Bailey ya ɗauki hoton. Shekarar mujallar 50 ke nan da kafuwa, tun 1916, kuma a duk ƙasashen da ake buga Vogue ba a taɓa sa baƙar mace a bango ba sai ran nan.

Hoton kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Luna tana sanye da riga ta gidan ɗinki na Chloé, da manyan 'yan kunne. Ta ɗaga hannu ta ɗora a fuska, yatsu a ware, ido ɗaya da ya sha kwalli yana leƙowa ta tsakanin yatsu biyu, hanci da baki kuwa hannun ya rufe yawancinsu. Waɗansu sun ce an kwaikwayi zane-zanen Picasso ne, wanda ya shahara da karkatar da fuska ya fito da ido. Waɗansu kuma sun ce an rufe hancin da leɓen ne da gangan, don kada a razana masu saye. Mai yiwuwa ne duka biyun gaskiya ne, domin hoton kyakkyawa ne ƙwarai, har yau ana sa shi cikin fitattun hotunan ƙarni na 20. Amma abin da ba ya musantuwa shi ne, sau biyu Luna ta kafa tarihi a bangon mujalla, sau biyun kuma ba a ga cikakkiyar fuskarta ba.

Daga nan sai ƙofofi suka buɗe ko'ina. Ran 1 ga Afrilu, 1966, mujallar Time ta Amurka ta buga sharhi inda ta laƙaba wa shekarar sunan Luna. Mujallun Faransa da Ingila da Italiya suka shiga rububinta, manyan masu ɗaukar hoto irin su William Klein da Helmut Newton suka yi aiki da ita. Ta sanya rigunan Paco Rabanne, maɗinkin da ya girgiza Paris a wannan shekara da tufafin da ya harhaɗa da faranten ƙarfe da roba. Mai zane Salvador Dalí na Sifen ya ja ta a jiki, yana kamanta ta da Sarauniya Nefertiti ta tsohuwar Masar. Adel Rootstein, mai ƙera mutum-mutumin da ake sa wa tufafi a tagogin kantuna, ta ƙera guda da siffar Luna, ya zama baƙar siffa ta shiga tagogin manyan kantunan Turai. A bisa dandamali kuwa ta karya duk ƙa'idar da aka sani. A da, mai tallar tufafi takan fito a natse, ta juya, ta koma, kamar ba ta da rai, don kada ta ɗauke hankalin masu saye daga rigar. Luna takan yi rarrafe kamar damisa, ta yi birgima daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta tsaya cik ta ƙura wa 'yan jarida ido. Horon wasan kwaikwayon da ta samu a Detroit ne ya fito. Masu kallo sukan tashi tsaye suna tafi, ko da yake ba kowane maɗinki ne ya ji daɗin a manta da rigarsa ana kallon mai sanye da ita ba.

A nan ne kuma babban abin da ake tuhumarta da shi ya bayyana. Duk ɗan jaridar da ya tambaye ta asalinta sai ta ba shi labari daban. Wani lokaci ta ce mahaifinta ɗan Meziko ne, sunansa na gaskiya Luna. Wani lokaci ta haɗa jinin Masar da na Ailan da na Indiyawan Amurka. Takan sa ƙaramin gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido don idonta ya koma shuɗi, takan kuma sa dogon gashin kanti mai launin zinariya. Wannan fa a lokacin da baƙar fatar Amurka ke kirarin cewa baƙi kyau ne, suna barin gashinsu yadda Allah ya halicce shi. A watan Yuli na 1967 garinsu Detroit ya kama da wuta, mutum 43 suka mutu a tarzoma. A watan Afrilu na 1968 aka kashe Martin Luther King. A cikin wannan shekarar wakiliyar jaridar New York Times, Judy Stone, ta tambayi Luna ko nasararta za ta share wa sauran baƙaƙen mata hanya, ita kuwa ta amsa da nuna halin ko-in-kula, ta ƙi yarda a sa ta cikin sahun baƙar fata kaɗai. Wannan amsa ta ɓata wa mutanenta rai ƙwarai, kuma ba su yafe mata da wuri ba.

Suna da hujja, domin wanda Allah ya ɗaga daga cikin waɗanda ake zalunta, sa'an nan ya ce shi ba nasu ba ne, ya ƙara musu ciwo a kan ciwo. Amma kuma adalci ne a tuna da cewa yarinya ce 'yar shekara 22, wadda uwarta ta kashe ubanta, wadda kuma ta gani da idonta yadda aka dusashe launinta a bango na farko, aka mai da ita 'yar Masai a shafukan ciki, aka kore ta daga aiki da aka gane ko wace ce. Ita ta fara ƙirƙirar tatsuniyar tun tana makaranta, wannan gaskiya ne, amma kasuwar ta tarar da tatsuniyar a shirye, ta biya ta lada a kanta. Kuma tatsuniyar ba ta kare ta ba. A watan Nuwamba na 1968, da asuba, ita da abokanta, ciki har da 'yar wasan Amurka Mia Farrow, suka shiga wani babban otal a tsakiyar Landan don karya kumallo. Aka ce su fita, wai mazan ba su ɗaura laktaye ba. Gardama ta kaure, aka kira 'yan sanda, aka kama abokin tafiyarta, kotu ta ci shi tarar fam 10. Luna ta fito fili ta ce launin fatarta ne ya sa aka kore su. A ran nan ba ta ambaci Meziko ko Masar ba.

Da ma can wasan kwaikwayo ne burinta, don haka da ta sami suna sai ta karkata ga sinima. Ta fito a fim ɗin William Klein na 1966 mai yi wa duniyar ado ba'a, da Skidoo na Otto Preminger a 1968, da Satyricon na mashahurin Federico Fellini a 1969, inda ta fito a matsayin matsafiya, sa'an nan Salomè na Carmelo Bene a 1972. Yawancin waɗannan matsayi siffarta aka haya, ba a ba ta filin nuna gwanintar da take jin tana da ita ba. Ta koma Italiya da zama, ta haɗu da wani mai ɗaukar hoto, Luigi Cazzaniga, wanda ya ɗauki hotunan tsiraicin da mujallar Playboy ta buga a watan Afrilu na 1975. Daga baya suka yi aure, ta haifi 'ya mace a 1977.

Kafin wannan lokaci tauraronta a fagen tallar tufafi ya riga ya dusashe. Ba ta ɓoye shan ƙwaya ba, har takan yabi ƙwayar LSD a gaban 'yan jarida. Ta yi suna da makara da saɓa alkawarin aiki, alhali kuwa a wannan sana'a bisa awa ake hayar ɗakin ɗaukar hoto da masu kwalliya da masu fitila, wadda duk ta bar su zaune sau biyu ba a kiranta na uku. Daɗin daɗawa, sana'a ce da ke tsufar da mace tun ba ta kai shekara 30 ba, kullum kuma akwai sabuwar fuska a bakin ƙofa. Zamanta a birnin Rum ya zama na kaɗaici, nesa da danginta, tana rubuce-rubuce da zane-zane. Ran 17 ga watan Mayu, 1979, ta rasu a wani asibiti a Rum, bayan ƙwayar heroyin ta yi mata yawa. Ta bar 'yarta tana da wata 18.

Waɗanda suka biyo bayanta sun tarar da hanya ta ɗan yi sauƙi, ko da yake tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu ba. Naomi Sims ta hau bangon mujallar Life a 1969. Gimbiya Elizabeth ta masarautar Toro a Yuganda, wadda lauya ce da ta yi karatu a Kambirij, ta yi tallar tufafi a Landan da New York kafin ta zama Ministar Harkokin Waje ta ƙasarta a 1974. A watan Agusta na wannan shekarar ce Vogue ta Amurka ta sa baƙar mace a bangonta karo na farko, watau Beverly Johnson, shekara takwas bayan 'yar'uwarta ta Ingila. A 1975, sa'ad da mai ɗaukar hoto Peter Beard ya kawo Iman 'yar Somaliya New York, sai ya baza wa jaridu cewa makiyayiya ce ya tsinto a daji, alhali ɗalibar jami'a ce a Nairobi, ubanta kuma jakada. Ita Vogue ta Ingila sai da ta yi kimanin shekara 20 kafin ta sake sa baƙar mace ita kaɗai a bango.

Shekaru da dama marubuta sun riƙa ba Beverly Johnson lambar ta farko baki ɗaya, sunan Luna kuwa ya ɓace, domin Turawan da suka yi yayinta sun wuce ga waɗansu, baƙar fatar da suka fi cancanta su riƙe tarihinta kuwa suna jin ta guje su. Sai a baya-bayan nan aka koma kanta. A 2019, lokacin da Edward Enninful, haifaffen ƙasar Gana, yake editan Vogue ta Ingila, mujallar ta buga rubutun da 'yar Luna ta yi game da uwar da ba ta yi wayon saninta ba. A 2023 kuma, shekara 44 bayan rasuwarta, gidan talabijin na HBO ya nuna wani fim na tarihin rayuwarta wanda Nailah Jefferson ta shirya, inda aka ji ta bakin danginta na Detroit da abokan aikinta da suka rage.